Eriya a Cikin Marka

Asabar ce, tsakiyar Agusta.
Na baro Kabala da jaka a kafaɗa:
batirin babur, wayar jan ƙarfe taku arba'in,
da akwatin da na saya shekarar da na ajiye aikin reluwe.
Mai ɗakina ta dubi gabas, ta dube ni:
"Wanda ya ga hadari ya fita,
kada ya kawo mini ƙarar tari."

A lambun Gamji kogi ya cika ya yi ja,
ya haɗiye duwatsun da masu wanki ke shanya.
Jikana Tanimu ya ɗaura dutse a zare,
ya harba da danƙo kan reshen maɗaci.
Na farko ya dawo, saura ƙiris goshinsa.
Na uku ya kama.
Muka ja, waya ta hau tana lilo.

Kafin in haɗa batir yayyafi ya sauko.
Muka kafa tamfol tsakanin benci da kututture,
na rufa wa akwati babbar rigata,
gara ni in jiƙe.

Na murɗa. Shuuu,
kamar ana suyar ƙosai a wata duniya.
Can wani Bature na ƙirga lambobi,
can wani fito mai tsini ya wuce.
Na faɗi lambar kirana sau uku.
Sama ba ta ce uffan ba.

Sai ga Jatau mai gadi cikin rigar ruwa:
"Baba, rahoto kake kai wa wa?"
Na zaro lasisi daga ledar burodi.
Ya karanta, ya miƙo, bai tafi ba,
ruwan ya riga ya kece.
Asabe mai masara ta shigo da kaskonta,
hayaƙi da ƙamshin gashi suka cika rumfar.
Mu huɗu, gwiwa na gugar gwiwa.

Tanimu ya ce, "Kaka, ga salula a aljihunka.
Katin ɗari ya isa ka kira wanda ka so."
Na ce, "Ita wanda ka sani take kira.
Wannan fatsa ce, yaro.
A sama ake jefa ta, a jira."

Huɗu da minti goma zaren ya motsa.
Murya siririya, tana nitsewa tana tasowa,
Hausa mai karin mutanen arewa:
"Daga wajen Agadas nike.
Da ƙyar nika jin ka.
Mi ka soyuwa bayanka haka?"
Na ce, "Ruwa ne. Marka muke ciki."

Ya yi shiru har na zaci ya ɓace.
Sannan: "Rabonmu da shi kwana arba'in.
Don Allah bar ni in ji."

Na miƙa makirfo bakin tamfol,
babban yatsa a kan maɓalli.
Asabe ta daina fifita.
Jatau ya cire hula, ban san dalili ba.
Ruwa na dukan ganye, yana dukan kogi,
yana bin hannun rigata har hammata.
Ban janye ba sai da kafaɗa ta yi tsami.

Da na saki, sai numfashi na ji.
"Madalla," in ji shi. "Madalla."

Walƙiya ta tsaga ta wajen Barnawa.
Ba a gardama da tsawa da waya a kan itace.
Na zare batir, Tanimu ya sauke zare,
Asabe ta ba mu masara biyu, ta ƙi karɓar kuɗi.

A gida na buɗe littafin da nake rubuta kira.
Tawada ta narke, sunansa ya zama tabo.
Ko Ilyasu ne, ko Alhusaini, ban sani ba.
Lokacin ne kaɗai ya tsira.

Da dare tari ya zo, kamar yadda aka faɗa.
Ta dire mini shayin citta ba magana.
Kwanon rufi na ta amsa ruwa.
Na kwanta ina sauraro
da kunnen wani.